Firigon Alkasum da Hanjin Nomau

A Agadez in ka ce Alkasum, za a tambaye ka wanne. In ka ce Alkasum na firigo, za a nuna maka hanya. Gidansu yana tsohon gari, a lungun da jaki mai kaya ba ya iya juyawa. Ubansa baduku ne, kuma an so ya gaji basilla da wuƙar fata, bai gada ba. Farin shekarar tamanin da huɗu ne ya raba shi da su. Makiyayan da ke sayen kayan fata sun rasa dabbobin da za su ɗora wa kayan, shago ya yi shiru, sai ya tafi neman aikin ƙarfi a sarwis ɗin kiwo, ma'aikatar gwamnati mai kula da dabbobi. A lokacin ma sojoji ke mulki. Aka ba shi dakon kaya a motar masu yi wa dabbobi allurar rigakafi, cikin kayan kuwa akwai wani firigo na sanyaya allurai, mai aiki da kananzir, wanda kowa ya gaji da rigimarsa. Alkasum ya zauna ya koyi halinsa: yadda ake datse lagwani, yadda ake tura ɗan dutse ƙarƙashin ƙafa ɗaya don ya tsaya daidai, da inda za a juya bayansa in iska ta tashi. Daga nan firigo ya zama nasa, ba tare da an rubuta hakan a wata takarda ba.

Shekara ashirin da shida ya yi a kan wannan aiki. An sauya firigon sau uku, na ƙarshen mai gas ne, da ɗan ɗakin ƙanƙara a samansa. Safe da la'asar yakan duba ma'aunin sanyi ya rubuta a kaye, littafin aikinsa, har ranar Juma'a, har ranar salla. Ba ya buɗe ƙofar sai ya gama tuna abin da zai ɗauko da inda yake. Ba a taɓa zubar da kwalba ɗaya ta allura don ta lalace a hannunsa ba. Shi bai taɓa faɗin haka ba, wasu ne suke faɗi.

Shekarar da ake zancenta ita ce dubu biyu da goma. Daminar da ta wuce ba ta bar ciyawa ba, sojoji kuma sun sake karɓar mulki tun kafin zafi ya shigo. Aka kawo wa sarwis sabon shef, wato shugaba, daga Yamai, mutum mai gajeren zance, tare da takardar da ta ce duk ma'aikacin da aka samu da sakaci a kan kayan gwamnati a sallame shi. An riga an sallami wani shofer mai tuƙa motar sarwis saboda taya biyu. Alkasum kuwa saura masa wata goma sha huɗu ya ajiye aiki da mutuncinsa, ya riƙa karɓar abin da ake ba tsofaffin ma'aikata. Wanda aka sallama don sakaci ba ya fita da ko ɗaya daga cikin biyun.

Cikin wannan zafin ne Ramatou ta zo. Likitar dabbobi ce, haifaffiyar garin, tana ƙarin karatu a Yamai. Ta sauko daga mota rungume da akwatin sanyi, wanda ta ɗora a cinyarta tun daga can. Ba ta biya gida ba sai da ta tsaya gaban firigo.

"Baba Alkasum, ga amana," in ji ta.

Kwalbar da ta miƙa masa ba ta kai ɗan yatsan jariri ba, ruwan cikinta kuma ko kurɓin tsuntsu bai kai ba.

"Sunansa antikor. Daga jinin zomo ake samo shi, a ƙasar Turawa. Shekara guda malamina yana rubuta takardu kafin a aiko mana da wannan."

"Maganin wace cuta ne, ɗiyata?"

"Ba ya maganin komai. Shaida yake bayarwa."

Ta yi masa bayani a hankali. In ciki ya ƙoshi ko ya ji yunwa, akwai sinadarin da yake saki, kamar ɗan aike. A fuskar hanji ta ciki, a wannan ɓawon mai santsi, akwai wurin da ke karɓar saƙon. Shi antikor bai san komai a duniya ba sai wannan wurin. In ya same shi sai ya manne, a ɗiga wani ruwa, launi ya fito a kan takarda. Abin da take so ta sani shi ne ko raƙumi, da ke jure yunwar da ke kayar da saniya, yana da masu karɓar saƙon da yawa ko kaɗan. Kuma bana ake iya ganin raƙuman da yunwa ta kai maƙura.

"Wato kunnen hanji kike nema," in ji Alkasum.

Ta yi dariya. Ta ce a lakwal, inda take karatu, récepteur suke ce masa, amma kunnen ya fi daɗin faɗi. Abu ɗaya ta nanata: antikor ba ya son zafi. In ya ɗumama, ya mutu, kuma a ido ba za a gane ba.

Hanjin da za a gwada, Alkasum ya san inda za a samo shi. Nomau mahauci Ba'adare ne, farin da ya kori Alkasum daga shagon fata shi ya koro shi zuwa Agadez, kuma tun lokacin suke shan shayi a tabarma ɗaya suna zagin juna. Nomau ba ya sayar da tsoka, kayan ciki ne sana'arsa. Matan garin sun san tumbin Nomau da hanjinsa ba sa buƙatar wanki na biyu. Akwai masu aikowa daga Dabaga in za a yi suna.

Suka same shi a teburinsa na kasuwa da hantsi. Ramatou ta ɗaga wani hanjin raƙumi da ke rataye, fari tas, ta nuna da bakin bik ɗin da take rubutu da shi.

"Baba Nomau, daga nan nake so, inda ya rabu da tumbi. Kamar faɗin farce, daga kowane raƙumin da aka yanka."

"Faɗin farce? Doktor, yau kuma wane irin baƙo za ki yi wa miya?"

"Zomo za ta ba," in ji Alkasum.

"To shi ya sa aka sa tsohon zomo rakiya."

Niyyarta ita ce ta riƙa zuwa abatuwar, inda ake yanka, da kanta. Amma kwana biyu bayan haka umarni ya fito cewa duk likitan dabbobi da ke garin ya shiga mota. Ana sayen dabbobin da suka kusa faɗuwa a hannun makiyaya, a yanka a raba naman, kuma ana bukatar mai dubawa. Ramatou ta tafi wajen Tabelot, ta yi sati biyar. Kafin ta tafi ta koya wa Alkasum sauran aikin: ya karɓo yankan a cikin ƙanƙara, ya niƙa shi a ɗan turmin labo, ɗakin gwaje-gwajen sarwis, da ruwan da ta auna masa, ya tace a tib, wata siririyar kwalba, ya rubuta lamba, ya sa a ɗakin ƙanƙara. Haka ya yi. Kullum da safe Nomau yakan miƙo masa yankan a naɗe cikin tsumma mai tsabta. Raƙumi arba'in, tib arba'in, a jere.

Da ta dawo, ta rame ta yi baƙi, ba ta huta ba. Ta ɗiga ruwan kowane tib a kan wata farar takarda, ta zuba antikor, ta jira kwana guda, ta wanke, ta ɗiga ruwan launi. Takarda ta tsaya fara. Ta ce wataƙila hannunta ne ya manta. Ta sake yi daga farko, tana karanta kowane mataki da ƙarfi, Alkasum yana tsaye bayanta. Takarda ta sake tsayawa fara. Abin da ya rage a kwalbar bai fi na gwaji ɗaya ba.

Ta buga wa malaminta waya. Ya ce a Yamai, a gabanta, wannan antikor ɗin ya fito da launi a hanjin tunkiya. A ganinsa, abin da ya sauya tun daga ranar, wurin ajiya ne. Ramatou ba ta maimaita wa kowa wannan magana ba, amma ɗakin shef yana jikin labo, bangon kuma siriri ne.

Shef ya kira su ran Laraba.

"Firigo a hannun wa yake?"

"A hannuna, ranka ya daɗe."

"Bon. Doktor, ina son rapor a rubuce ran Litinin. Da dalili, da suna."

Alkasum ya miƙa kayensa. Shef ya ɗaga shafi biyu, ya ce wanda ya duba ma'auni shi ne ya rubuta, kuma shi ne ake tambaya. Bai faɗa da faɗa ba.

Abin da ya fi damun Alkasum ba shef ba ne. Akwai wata rana a sati na uku da gas ya ƙare, ya sauya kwalbar gas ɗin, wutar ta ƙi kamawa har ya gama karanta abin da ya sawwaƙa. Ma'auni bai motsa ba, ya gani da idonsa. Amma idon nasa yanzu shekara hamsin da takwas gare shi. Ya shiga auna wannan ɗan lokacin a zuci, ya tsawaita shi, ya gajarta shi. Da Ramatou ta ce masa, "Baba, ni na san ba kai ba ne," sai ya ga tana kallon ƙasa, ya gane ita ma ba ta san abin da za ta rubuta ba.

Ran Alhamis ya koma gida cin abincin rana. Matarsa Asma'u tana tsakar gida da kwano, tana yanka hanjin da Nomau ya aiko, wai a yi wa tsohon zomo romo ko ya farfaɗo.

"Ba ka ci komai ba tun jiya, Malam."

"Zafi ne."

"Zafin bana ya iya zaɓen mutum ɗaya a gida." Ta ɗaga hanjin ta duba a rana. "Kai, Nomau. Dubi yadda ya kankare shi, kamar ƙyallen ɗaurin kai. Ko santsin nan na ciki bai bari ba. Ni fa ina son ɗan santsin, shi ke ɗaure romo."

Alkasum ya karɓi yanka ɗaya daga kwanon, ya juya shi, ya shafa da babban yatsa. Yatsan bai zame ba. Ya daɗe yana shafawa, har Asma'u ta tambaye shi ko zai ci ɗanye ne. Yankan nan irinsa ne ya niƙa sau arba'in. Fari, mai tauri, ba wari. Kuma duk ranar yakan ce a ransa: Nomau dai akwai tsabta.

Washegari da safe ya tafi abatuwar. Shekara da shekaru yana cin kayan Nomau, bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yin su ba. An kayar da wani raƙumi da ƙasusuwansa suka fi namansa. Nomau ya ja hanjin gefe, ya tatse, ya zura kara ya juya cikinsa waje. Ya shimfiɗa shi a kan dutse, ya bi shi da bayan wuƙa, wani abu mai yauƙi yana taruwa a gaban ƙarfen, yana yarfarwa a rariya. Ya barbaɗa gishirin Bilma ya murza, ya zuba ruwan zafi. Sa'an nan ya yanki faɗin farce daga inda aka nuna masa, ya sake kankarewa shi kaɗai, ya matsa lemun tsami, ya ɗauraye.

"Wannan na biyun fa?" in ji Alkasum.

"Na Doktor ne. Na saba, hannuna ya ƙi bari."

"Nata kullum sau biyu kake yi?"

"Wani lokaci uku. Mace ce, mai ilimi, ɗiyar gidan mutunci. A kwalba za ta sa, ta kai Yamai, manya su gani, a ce wannan daga hannun wa ya fito?"

Alkasum ya tsuguna a bakin rariyar. Ya nuna abin da ke gangarawa.

"Nomau, abin da take nema ga shi can yana tafiya."

Nomau ya dubi rariyar, ya dubi abokinsa.

"Zafin nan ya taɓa ka. Da ma ka shiga firigon ka zauna."

"A cikin santsin nan kunnen yake. Ta faɗa mini ranar da ta zo. Ni ne ban haɗa ba."

"Kana nufin ɗiyar mutane ta yi karatu shekara ashirin, ta rungumo jinin zomo daga Yamai, don ta nemi abin da nake zubar wa karnuka?"

"Haka nake zato."

Nomau ya ajiye wuƙa. Ya goge hannunsa a gaban riga, ya sake gogewa.

"Ai wankakke ta nuna mini a kasuwa," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ubana ya taɓa marina saboda na miƙa wa mai saye tumbi da ɗan kore a lungu. Ban kai shekara goma ba." Ya ɗago ya dubi Alkasum. "Wai da gaske ran Litinin za a rubuta sunanka?"

"Haka aka ce."

"To a rubuta nawa. Ni wa zai sallame ni? Raƙumi?"

Sai dai magana ba ta isa shaida ba, kuma Alkasum ya san haka. Bayan an sauko daga masallaci ya sami Ramatou a labo, ya ajiye mata yanka biyu a faranti, wankakke da wanda ba a taɓa ba. Ta ɗauki na farkon da ɗan ƙarfe, ta juya shi. Ba ta taɓa ganin abin da aka niƙa ba, ruwansa kawai ta gani a tib. Ta zauna a hankali.

"Baba, gwaji ɗaya ya rage. In na zuba shi a kan wannan ya fito fari, babu sauran abin da zan aika Yamai su duba ko yana da rai. Daga nan maganar shef ce kawai."

"Na sani."

"In na aika shi kuwa, zai ɗauki wata biyu, wataƙila shef ya jira."

"Wataƙila. Ni ne ba zan iya jira ba, ɗiyata. Ina so in san ko ni ne."

Ran Asabar da safe ta je abatuwar da kanta, ta ɗaure zanenta sama da idon sawu. Mahauta suka buɗa mata hanya suna kallon juna. Daga raƙumi ɗaya ta yanki wuri biyu. Na farko ta ɗan watsa masa ruwan sanyi kawai, ta jefa a ƙanƙara da santsinsa. Na biyu ta miƙa wa Nomau ta ce ya yi masa yadda ya saba. Ya yi, amma kansa a sunkuye, kuma da ta ɗaga wancan na farkon tana dubawa kusa da hancinta, sai ya juya ya shiga wasa wuƙar da ba ta bukatar wasawa.

Alkasum ya niƙa su dabam dabam. Ta ɗiga biyun a takarda ɗaya, tsakaninsu faɗin yatsa biyu. Ta juye kwalbar antikor har ɗigon ƙarshe. Alkasum ya sa takardar a faranti cikin firigo, ya rufe, ya rubuta sanyi a kaye kamar kullum.

Ran Lahadi da hantsi su uku ne a labo, don Nomau ya bar teburinsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce shi ba ya shiga ɗakin da babu wari. Ramatou ta wanke takardar sau uku, ta ɗiga ruwan launi. Da farko babu komai. Alkasum ya ɗauke idonsa ya kai kan bango, inda wata tsaka ke maƙale. Yana kallon tsakar ya ji Ramatou ta ce, "Baba." A hannun dama na takardar wani tabo ya fara fitowa, kamar inda aka ajiye jiƙaƙƙen goro a kan farar riga, yana ƙara duhu. Hannun hagu fari.

"Yana da rai," in ji ta. "Duk tsawon lokacin nan yana da rai."

Alkasum ya ce alhamdu lillahi, sau ɗaya. Ya nemi kujera ya zauna, abin da ba a saba gani ba a labo.

"Wanne ne nawa?" in ji Nomau daga ƙofa.

"Farin."

"Ka gani ko? Har a takardar Turawa nawa ne mai tsabta."

Ran Litinin Ramatou ta kai rapor, Alkasum na biye da ita, da takardar mai tabo a maƙale a jikinsa. A wurin dalili ta rubuta cewa mai bincike ba ta bayyana yadda za a ɗauki yankan ba, ta kuma nuna misali a kan wankakken hanji. A wurin suna ta sa nata. Ita ba ma'aikaciyar sarwis ba ce, faɗan malaminta kawai za ta sha, ta kuwa sha shi a waya har kunnenta ya yi zafi. Shef ya karanta, ya ɗaga takardar ya duba ta a taga, ya ce, "Bon." Da Alkasum ya juya zai fita, ya kira shi ya ce allurar awaki za ta iso ran Alhamis, a gyara mata wuri.

Raƙuma arba'in ɗin nan sun tafi a banza, wannan ba a iya dawo da shi ba. Sabon antikor bai iso ba sai bayan damina, lokacin da raƙuma suka fara mayar da jiki, sai Ramatou ta sauya tambayarta ta dace da abin da ya samu. Nomau ya roƙi abu ɗaya, kada matan kasuwa su ji cewa wani abu ya taɓa fita daga wurinsa ba wanki. Kuma har aka gama aikin bai yarda ya miƙa irin wannan yankan da hannunsa ba. Yakan nuna wurin da bakin wuƙa, ya ba Alkasum wuƙar, ya juya baya yana tambaya ko an gama.

Alkasum ya cika watanninsa goma sha huɗu. Ranar ƙarshe ya duba ma'auni da la'asar, ya rubuta, ya miƙa mabuɗi ga wanda aka naɗa. Ya taka zuwa tsohon gari a hankali, yana amsa gaisuwa. Asma'u ta tambaye shi yaya aka rabu. Ya ce lafiya lau, ya cire takalmi, ya ce a ƙara masa tuwo.